Fasa waya ba tarbiyya ba ce: amsarmu ga masu son a haramta gem a Yelwa

Jama'ar Yelwa, na Tudu da na Makaranta da na Lebura da na Kagadama, da maƙwabtanmu na Gwallameji da Sabon Kaura da Rafin Zurfi.

A zaman ƙungiya na baya-bayan nan an kawo shawara biyu a kan yaranmu da wayar hannu. Ta farko ita ce a buɗe aji duk ranar Asabar, a koya wa matasa yadda ake haɗa gem na waya. Ta biyu, wadda ta fi shan tafi, ita ce a yi sanarwa a masallatai da coci-coci cewa duk yaron da aka kama yana buga gem a ƙwace wayar, in ta kama ma a fasa ta a gabansa. An tashi ba a tsayar da magana ba. Mu ne muka kawo shawara ta farko, kuma tunda lokaci bai ba mu damar kare ta a zauren ba, za mu kare ta a nan. Muna girmama iyayenmu da suka kawo ta biyu, amma muna ganin kuskure ce, kuskuren da yaranmu ne za su biya kuɗinsa.

Mu fara da inda suke da gaskiya, don kada a ce mun rufe ido. Akwai yaron da yake kwana a kan waya har asuba, ya tashi idonsa jawur, ya je makaranta ya yi barci a kan benci. Akwai wanda aka aike shi cefane ya gutsuri canji ya sayi data. Akwai wanda uwarsa za ta kira shi sau uku bai amsa ba saboda abin da ya toshe kunnensa da shi. Mun ga wannan a gidajenmu, ba labari aka ba mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022. Sai dai a karanta abin da hukumar ta ce gaba ɗaya. Ta ce ana kiran abin cuta ne idan mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma galibi sai hakan ya kai wata 12. Ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu bugawa suke kaiwa wannan matsayi. Ke nan ɗanka da ya buga ƙwallo a waya na rabin awa bayan la'asar ba majinyaci ba ne, kuma ba ɓarawo ba ne.

To, a ce mun amince da dokar fasa waya. Wa zai tsare ta? Ƙasar Sin ta kafa doka a watan Agustan 2021 cewa ɗan ƙasa da shekara 18 ba zai buga gem na intanet ba sai awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi, da ranakun hutu. Gwamnati ce mai iko da kamfanonin gem ɗin kansu, mai tilasta wa kowa rajista da sunansa na gaskiya. Duk da haka yara suka riƙa shiga da asusun iyayensu da na kakanninsu. Mu da ba mu da komai sai lasifikar masallaci da 'yan banga, mu ne za mu yi abin da ya ba Sin wahala? Abin da zai faru a fili yake. Yaron da aka fasa wa waya zai koma shagon mai caji ko bayan wani kango, ya buga a wayar abokinsa, inda babu idon uwa balle na uba. Da a falo yake bugawa kana ganin abin da yake kallo. Yanzu ka kore shi zuwa inda ba ka gani. Kuma ranar da ya faɗa hannun mai cuta a intanet, ba zai zo ya gaya maka ba, don ya san abin da zai tarar.

Mun taɓa yin irin wannan, ya kamata mu tuna. Lokacin da fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara a Kano, daga Turmin Danya a 1990, gidaje da yawa sun ce ɗansu ba zai kusanci wannan harka ba. Masu ilimin tarihi da masu sanin harshe da masu kuɗin da za su zuba jari suka ja gefe suna tsaki. Harkar ba ta mutu ba. Ta girma ba tare da su ba, ta ciyar da dubban mutane, kuma har gobe muna ƙorafin cewa an cika ta da kwaikwayon Indiya. Wanda ya ƙi shiga gona lokacin shuka, da wane baki zai yi ƙorafin abin da ya tsiro? Gem ya shigo aljihunmu tun da wayar GSM ta zo Najeriya a 2001. Da yawa daga cikin masu tafi a zauren nan sun kashe dare suna bin macijin Nokia 3310, suna gasar wanda zai fi yawan maki. Ba su lalace ba, ga su nan sun zama magidanta.

Akwai kuma wani kuskuren da ya fi wannan haɗari, shi ne haɗa gem da caca a kwando ɗaya. A wayar yaro ɗaya za ka iya samun Dream League Soccer, ka kuma samu ɗan jirgin nan na Aviator da ake zuba wa kuɗi ana jiran a cire kafin ya tashi. Na farko wasa ne. Na biyu caca ce da aka yi wa ado da kamar wasa. Masu shi da kansu sun ce cikin kowace naira 100 da jama'a suka zuba, a jimlace naira 97 ce ke komawa hannun masu bugawa. Wato tun a lissafin da aka gina shi a kai, wanda ya daɗe yana bugawa dole ya yi asara, babu dabara kuma babu "sirrin" da wani zai sayar maka a WhatsApp. Wannan shi ne ke cinye kuɗin makarantar ɗalibai da jarin masu Keke Napep. Malamanmu da fastocinmu duk sun haɗu a kan haramcin caca, mu ma muna tare da su ɗari bisa ɗari. Amma uban da yake kiran komai "wannan shashancin na waya" ba zai taɓa gane ranar da ɗansa ya tsallaka daga wasa zuwa caca ba, don a wurinsa duk ɗaya ne. Mai son ya kare ɗansa sai ya san bambancin.

Har a cikin gem na gaskiya akwai tarkon da ya kamata iyaye su sani. Yawancinsu kyauta ake sauke su, amma kamfani ba sadaka yake yi ba. Yana samun kuɗi ta hanyar tallan da ake cusa wa mai bugawa, da kuma sayar da kayan cikin gem, kamar dayamon na Free Fire da ake saya da naira don a yi wa mutum-mutumin riga ko bindiga. Akwai kyautar kullum, wadda in ka tsallake rana ɗaya ka rasa ta, don kawai a saba maka da dawowa. Akwai akwatin sa'a, wanda za ka biya kuɗi ba ka san abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan akwati da ake saya da kuɗi caca ne. Duk waɗannan mutane ne suka zauna suka tsara su. Kuma babu wanda ya fi saurin gane tarko kamar wanda ya koyi yadda ake ɗana shi. Yaron da ya taɓa rubuta da hannunsa cewa "a ba mai bugawa kyauta in ya dawo gobe", shi ne zai yi dariya ranar da wani kamfani ya gwada masa wannan dabara.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mana rai. A duba wayoyin da ke majalisun Yelwa da daddare. Free Fire na kamfanin Garena ne na Singafo, ya fito a 2017. PUBG Mobile daga Tencent na Sin, 2018. Ludo King daga Indiya, 2016. Dream League Soccer daga Ingila, eFootball daga Konami na Japan. A 2023 gem na waya ya kawo kusan rabin kuɗin da harkar gem ta samu a duniya, kimanin dala biliyan 90. Gudunmawarmu a ciki ita ce data da caji da barcinmu. Kuɗi yana fita daga Yelwa kowane dare, babu kwabon da yake dawowa.

Kuma a wace unguwa wannan ke faruwa? A unguwar da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take, jami'ar da aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, daga baya aka ba ta sunan Firayim Minista. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya nan a Gwallameji, tafiyar ƙafa. Sama da shekara 40 muna maƙwabtaka da masu koyon lissafi da injiniyanci da kimiyyar kwamfuta. Mun ba su hayar ɗaki, mun sayar musu da masa da shayi da burodi, mun ɗauke su a mashin. Amma sau nawa muka ƙwanƙwasa ƙofar ɗalibin da ke haya a gidanmu muka ce, ɗana, ga ƙaninka, nuna masa abin da kake yi a kwamfutar nan? Muna zaune a bakin rijiya muna sayen ruwan leda.

Wasu za su ce haɗa gem aikin manyan kamfanoni ne na Turai. Ba haka ba ne. Flappy Bird, da ya mamaye wayoyin duniya a farkon 2014, mutum ɗaya ne ya haɗa shi, Dong Nguyen na ƙasar Biyetnam. A nan gida Najeriya, Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, suka fitar da gem irin su Mosquito Smasher da Okada Ride da Whot King. Abiola Olaniran ya kafa Gamsole. Zubair Abubakar yana cikin waɗanda suka kafa ChopUp. Su ma da wutar Najeriya da datar Najeriya suka yi aiki. Akwai wani gem na Maliyo mai suna Aboki Run. Ba mu ce sun yi da mugun nufi ba, amma kowa a nan ya san nauyin kalmar "aboki" a bakin Kudu. Abin lura shi ne, in ba ka ba da labarinka da kanka ba, wani zai ba da shi, ya kuma raɗa maka sunan da ya ga dama.

Ga shi kuwa muna da abin bayarwa. Ɗauki dara kaɗai. Gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan da tsakuwa wancan da kara. A fara dasawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gurbi guda, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa guda na abokin karawarsa. Duk wanda ya san rubuta manhaja zai gaya maka cewa wannan darasin farko ne cikakke: yadda za a zana gurabe, yadda za a hana motsin da bai halatta ba, yadda waya za ta gane an jera uku, daga baya kuma yadda za a koya mata ta yi tunanin motsi biyu ko uku a gaba ta kara da mutum. Dattawan da suka ƙware a dara suna ƙarewa, jikokinsu kuma Ludo King suke bugawa. Bayan dara akwai kacici-kacici da karin magana da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Akwai dambe da langa. Akwai ƙofofin ganuwar Bauchi, Wunti da Ran da Wambai da Nassarawa da sauransu, da yaro zai iya haddacewa yana wasa. Akwai Yankari da giwayenta da ruwan Wikki. Akwai gem na koyon baƙaƙen boko da na ajami ga 'yan firamare da 'yan Islamiyya. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar kiɗa ko tsiraici ko zubar da jini. Mai tsoron abin da ke cikin gem na waje, ai shi ya fi kowa cancantar goyon bayan a yi namu.

Sai maganar kuɗi. Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 don yara, kyauta ne, kuma akwai wanda ake saukewa a yi aiki da shi ba intanet. Godot kyauta ne gaba ɗaya, ba shi da nauyi, tsohuwar laftof tana ɗaukarsa. GDevelop ma ana iya fara shi kyauta, kuma ba sai ka iya rubuta manhaja ba. Rajistar mai haɗa manhaja a Google Play dala 25 ce, sau ɗaya ake biya. A ƙa'idar da ake kai, sabon asusu na mutum ɗaya sai mutum 12 sun gwada manhajar na kwana 14 kafin a sake ta ga duniya. A Yelwa za a rasa mutum 12 masu waya? A majalisar mai shayi ɗaya ma an gama. Abin da ake buƙata shi ne ɗaki guda, laftof biyar ko shida ko da na hannu ne, ƙaramar sola, da ɗalibai biyu ko uku 'yan sa-kai. A kwatanta wannan da abin da muke kashewa a kan kanofi da kujeru da lemo a taro ɗaya.

Ba za mu yi wa kowa ƙarya ba: yawancin gem ba sa kawo kuɗi. Kamfanin Rovio na Finlan sai da ya yi gem 51 kafin Angry Birds ya fito a 2009 ya karɓu. Talla da ake nuna wa mai bugawa a Najeriya ba ta biyan abin da take biya a Amurka. Duk wanda ya ce wa ɗanka zai zama miloniya cikin wata shida, ɗan damfara ne. Ribar da muke magana a kai daban ce. Yaron da ya haɗa gem ɗaya har ya kammala, ya koyi lissafin da yake gudu a aji, don ƙwallo ba ta tashi ta faɗo a fuskar waya sai da lissafi. Ya koyi zane, ya koyi karanta Turanci don neman gyaran kuskure, ya koyi haƙurin zama a kan matsala ɗaya kwana uku. Da wannan hannun ne ake rubuta manhajar banki da ta asibiti da ta makaranta. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani. Yaron da ya taɓa haɗa dara a waya shi zai shiga irin wannan shiri da ƙafar dama, wanda aka fasa wa waya kuwa sai ya fara da koyon riƙe linzamin kwamfuta.

Ku kuma ƙannenmu, kada ku ɗauka mun zo kare ku ne. Iyayenku ba su yi fushi a banza ba, ruwa ba ya tsami banza. Awa shida a kan Free Fire ba sana'a ba ce, ko da kun kira kanku ƙwararru. Wanda ya kai mataki na ƙarshe a gem ɗin wani, bai mallaki komai ba. Ranar da kamfani ya rufe asusunsa, duk dayamon da ya saya sun tafi, babu kotun da zai kai ƙara. Idan da gaske kuna son gem, ku nuna. Ku ɗauki awa biyu daga cikin shidan nan ku zo ku koyi yadda ake yin sa. Wanda ya ce ba shi da lokacin zuwa aji amma yana da lokacin kwana a kan waya, ya ba masu son fasa waya hujja da hannunsa. Kuma ajin nan har da 'yan mata. Su ma suna bugawa a cikin gida, ba a dai ganinsu a majalisa ne. A ware musu lokacinsu da malama mace, ɗalibai mata masu karanta kwamfuta suna nan a jami'a.

Ga abin da muke roƙo a zama na gaba. A ajiye maganar sanarwar fasa waya. A maimakonta kowane gida ya kafa dokarsa: babu gem sai an gama aikin makaranta da na gida, babu waya a ɗakin kwana bayan ƙarfe goma na dare, babu katin banki a wayar yaro. Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba uba ko uwa damar ƙayyade awannin da wayar yaro za ta yi aiki da abin da zai iya saukewa. Mun yi alkawarin zama bayan taro mu saka wa duk mai so. A kan caca kuwa a yi sanarwar, a yi ta da ƙarfi, a kira ta da sunanta.

Sannan a ba mu izinin gwada ajin na mako 12. A naɗa dattawa biyu su riƙa zama a ciki suna ganin abin da ake koyarwa, kuma muna so su kasance daga cikin waɗanda suka fi adawa da mu. Aikin farko dara ce, don haka muna buƙatar gwanayen dara na unguwa su zo su koya wa yaran ƙa'idojinta kafin a taɓa kwamfuta. Muna roƙon ƙungiya ta rubuta wa sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a da na kwalejin Gwallameji takarda, a nemi 'yan sa-kai, a kuma ba da shawarar cewa ɗalibin da ya zaɓi haɗa gem na Hausa a aikinsa na kammala karatu, mu za mu samar masa masu gwadawa. Masu hali da 'yan siyasar da suka saba raba riguna da kofi lokacin gasar ƙwallo, wannan karon laftof ɗaya muke nema daga kowannensu. Kuma ƙofar ajin a buɗe take ga ɗan kowa, Musulmi da Kirista. Unguwar da ta ɗanɗana rikici ta san amfanin yara su zauna a benci ɗaya suna neman gyaran kuskure ɗaya.

Idan mako 12 ya cika ba mu kawo muku dara a waya ba, wadda Baba zai riƙe ya kara da jikansa, ku rufe ajin, mu kuma za mu tashi a gaban zaure mu ce mun yi kuskure. Idan kuwa mun kawo, muna fatan masu tafin ranar nan su ne za su fara sauke ta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu ikon tarbiyyarsu da ilimi da haƙuri, Ya zaunar da Yelwa da Bauchi lafiya. Amin.